Ra'ayinmu: Darasin Kara-Kara kan wanda ke riƙe da mabuɗin maganin talaka

A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairun kowace shekara ce duniya ke tunawa da masu fama da cutar kuturta. Mutanen Damagaram ba su buƙatar kalanda domin wannan tunatarwa, saboda unguwar Kara-Kara tana nan a gefen gari. An kafa ta ne domin a keɓe masu kuturta nesa da sauran jama'a, daga baya makafi da guragu da sauran waɗanda gari ya juya wa baya suka tarar da su a can. 'Ya'ya da jikokin waɗancan bayin Allah su ne matasan da Aïcha Macky, 'yar asalin Damagaram, ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder a shekarar 2021, suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, wasu na fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya domin su samu na tuwo.

Yau kuturta ciwo ne da ake warkewa daga gare shi. Mai ƙaramin nau'inta zai sha magani wata 6, mai babban nau'in wata 12, kuma ba zai biya ko dala ba. Tun daga 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ke raba maganin kyauta a ko'ina, da farko da kuɗin wata gidauniya ta ƙasar Japan, daga shekarar 2000 kuma da gudummawar kamfanin Novartis na ƙasar Suwizalan. Wannan abin a yaba ne, kuma mun yaba.

Sai dai akwai tambayar da wannan kafa ke ganin ya kamata kowane matashi a Damagaram da Maraɗi da Kano, da 'yan uwanmu mazauna ƙetare da ke turo kuɗin magani gida, su yi wa kansu. Me ya sa lafiyar mutumin Kara-Kara ta rataya a kan alherin wani kamfani da ke birnin Basel? Kuma me zai faru ranar da aka ce kyautar ta ƙare, ko ciwon da ya kama shi ba ya cikin waɗanda ake rabon maganinsu? Amsar tana cikin dokokin mallakar fasaha na kasuwancin duniya, waɗanda galibinmu ba mu taɓa karantawa ba, alhali kuwa suna da hannu a farashin abin da ke cikin ledar da muke fitowa da ita daga farmasi.

Mece ce takardar mallaka?

Idan kamfani ya ƙirƙiro sabon magani, hukuma kan ba shi takardar mallaka wadda ke hana kowa sarrafa maganin, ko sayar da shi, ko shigo da kwafinsa ba tare da izininsa ba. Kafin 1995 kowace ƙasa ita ke tsara wa kanta yadda za ta yi da wannan batu. Da aka kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, ko OMC a bakin masu Faransanci, sai aka zo da yarjejeniyar TRIPS, wadda ta wajabta wa mambobi kare kowace ƙirƙira, har da magani, na tsawon shekara 20 aƙalla. Najeriya na cikin ƙungiyar tun ranar da aka kafa ta, Nijar kuma ta shiga a ƙarshen 1996.

Adalci ne a faɗi hujjar masu goyon bayan tsarin, domin hujja ce mai ƙarfi. Binciken magani na cin shekaru da dukiya mai yawa, kuma galibin sinadaran da ake gwadawa ba su kaiwa kasuwa. In da kowa zai kwafi magani washegarin fitowarsa, ba mai sake zuba jari a bincike. Mu ma mun san zafin wannan a gida. Duk wanda ya ga yadda masu satar fasaha suka durƙusar da kasuwar faifan finafinan Kannywood, ko yadda ake tura littafin marubuciya a waya ba tare da ta ga ko sisi ba, ba zai ce haƙƙin mai ƙirƙira wasa ba ne. Malaman Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma sun zauna a Kuwait a 1988, suka tabbatar cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa.

To amma fim daban, magani daban. Wanda bai da kuɗin kallon fim zai haƙura ya kwanta lafiya. Wanda bai da kuɗin magani yana iya rasa yatsunsa, ko idonsa, ko ransa. Fiƙihun da ya kare haƙƙin mai ƙirƙira shi ne kuma ya haramta ɓoye kayan masarufi a lokacin tsananin buƙata domin farashi ya tashi, ya kuma ba hukuma ikon sa baki. Takardar mallaka yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma: mu ba ka kasuwa kai kaɗai na wani lokaci, kai kuma ka kawo mana waraka. Duk lokacin da ɓangare ɗaya ya karɓi nasa, ɗayan ya tashi a tutar babu, an saɓa yarjejeniya.

Ya kamata kuma a tuna cewa ƙasashen da ke matsa wa wasu lamba a yau ba da wannan doka suka gina masana'antunsu ba. Japan ba ta fara ba da takardar mallaka a kan ƙwayar magani ba sai a 1976, Suwizalan a 1977, Italiya a 1978, Sifaniya a 1992. Sai da suka koyi sana'ar, suka tsaya da ƙafafunsu, sannan suka rufe ƙofa.

Inda tsarin ke gazawa

Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar ya fallasa halin kasuwa: ba ta duba mutum, aljihunsa take dubawa. Shi ya sa tsarin mallakar magani ke gaza talaka ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce wadda Kara-Kara ta sani. Inda masu ciwo ba su da kuɗi, takardar mallaka ba ta da wani amfani ga kamfani, don haka ba a ma yin binciken. A duba magunguna ukun da ake haɗawa a warkar da kuturta. An fara amfani da dapsone a shekarun 1940. Clofazimine an haɗa shi ne a Dublin a shekarun 1950, aka gwada shi a jikin marasa lafiya a Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Najeriya a farkon shekarun 1960. Rifampicin, ƙaramin cikinsu, ya fito ne daga Italiya a shekarun 1960 ɗin. Tun 1981 da masana na WHO suka ba da shawarar haɗa su, da su ake aiki har yanzu, ga shi kuma ana samun sababbin masu ciwon kusan 200,000 duk shekara a duniya. Clofazimine na sauya launin fatar mai shan sa, wanda hakan kan tona asirin mai ciwo a unguwa. Da a ce kuturta ciwon masu hali ne, da tuni an samo wanda ya fi shi.

Haka labarin yake ga maganin saran maciji. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina sarrafa allurar Fav-Afrique a 2014 saboda ba ta kawo riba, ragowar da ke ajiye kuma wa'adinta ya ƙare a tsakiyar 2016. Manomin da kububuwa ta sara a gona ba shi da muryar da za ta kai ɗakin taron masu hannun jari.

Hanya ta biyu ita ce inda maganin yake, amma an kulle shi da farashi. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ƙanjamau ke kwasar rayuka a Afirka, maganin rage kaifinta na shekara guda ya haura dala 10,000 na Amurka. Da gwamnatin Nelson Mandela ta yi dokar shigo da mai sauƙi, kamfanoni 39 suka tsaya da ita a kotu. Sai a watan Afrilun 2001 suka janye ƙarar, bayan duniya ta yi musu ca. A watan Fabrairun wannan shekarar ne kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a yini. Indiya ta iya yin haka ne saboda dokarta ta 1970 ba ta ba da mallaka a kan ƙwayar magani ba har zuwa 2005. Miliyoyin 'yan Afirka da ke raye a yau da wannan ciwo, gasar kamfanonin Indiya ce ta saukar musu da farashi.

Labarin bai tsaya nan ba. Maganin ciwon hanta nau'in C mai suna sofosbuvir ya shiga kasuwar Amurka a 2013 a kan dala 84,000, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Sabon maganin sikila na gyaran ƙwayoyin halitta, Casgevy, an sa masa dala miliyan 2.2, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da ciwon. A lokacin korona, Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine dokokin mallaka tun watan Oktoban 2020. Sai a Yunin 2022 aka cimma wata matsaya mai rauni, a ƙarƙashin shugabancin Ngozi Okonjo-Iweala, bayan masu kuɗi sun daɗe da yi wa mutanensu allura ta biyu da ta uku.

Kayan aro ba ya rufe katara

Akwai masu cewa ai ana ba mu kyauta, mene ne na ƙorafi? Abin da ya faru a Najeriya ya isa amsa. A 2024 an shafe kusan shekara guda maganin kuturta bai shiga ƙasar ba, saboda taƙaddama kan wasu sababbin sharuɗɗan gwaji da hukumar NAFDAC ta gindaya. Sai a watan Maris na 2025 aka warware matsalar. A tsawon wannan lokaci dubban marasa lafiya, har da yara, suna zaune ciwo na cin jijiyoyinsu, kuma jijiyar da kuturta ta kashe ba ta dawowa. Ba takardar mallaka ce ta jawo wannan ba, domin mallakar waɗannan magunguna ta ƙare tuntuni. Abin da ya jawo shi ne hanya ɗaya tal ake da ita, kuma babu masana'antar gida da za a juya gare ta da hanyar ta toshe.

A watan Disamban 2021 an ga irin haka a Abuja, inda aka lalata allurar korona sama da miliyan ɗaya da aka kawo kyauta dab da ƙarewar wa'adinta. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da galibin tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, asibitoci da dama a nahiyar suka wayi gari ba su san inda maganin wata mai zuwa zai fito ba. Mai bayar da sadaka shi ke zaɓar ranar bayarwa, shi ke zaɓar ranar dainawa, kuma ba kotun da za a kai shi.

Darussa biyu daga ƙasarmu

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda mallakar fasaha ke taɓa tukunyar gidanmu. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, galibi a jihar Maraɗi, da wani kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki mai suna Plumpy'Nut. Uwa kan karɓa ta koma gida ta ba ɗanta, ba sai an kwantar da shi ba. Likitan yara André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa ne suka ƙirƙiro shi a 1996, suka kuma yi masa takardar mallaka da ta haɗa da Nijar. Ke nan a ƙasar da gyaɗa ta yi wa suna, daga Magariya har Matamai, a wancan lokaci ba wanda yake da ikon kwaɓa irin wannan abinci ya sayar sai da izini daga Faransa.

Kamfanin ya kare kansa da cewa mallakar ce ta ba shi damar raino ƙananan masana'antu a Afirka, irin STA da ke Yamai, ba tare da manyan kamfanonin Amurka sun murƙushe su ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma sai da MSF ta fito ta yi magana, wasu ƙungiyoyin agaji biyu na Amurka suka shigar da ƙara a 2009, sannan a 2010 kamfanin ya sassauta wa masana'antun ƙasashe masu tasowa sharuɗɗan amfani da fasahar. Darasin shi ne, ko mai mallakar da ke da kyakkyawar niyya ba ya sakin mabuɗi sai an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi.

Darasi na biyu ya fi faranta rai. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum kusan 250,000 a yankinmu, ta kashe kusan 25,000. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga sasantawa da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Bayan annobar, WHO da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da riga-kafin sanƙarau nau'in A a 2001, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Da masu shirin suka zo tuntuɓa, babban jami'in ma'aikatar lafiya ta Nijar ya gaya musu cewa kada su kawo allurar da ƙasashenmu ba za su iya saye ba, domin rashinta ya fi hakan sauƙi. Sai aka fara da yanke farashi: kada ta wuce rabin dalar Amurka. Manyan kamfanonin Turai da Amurka suka ja da baya. Aka ɗauko fasahar daga ɗakin binciken gwamnatin Amurka, aka miƙa ta ga kamfanin Serum na Indiya. A Disamban 2010 aka ƙaddamar da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma daga 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a yankin ba.

Sanƙarau dai bai tafi ba. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023, jihar Damagaram ta samu mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu, galibi da nau'in C. Amma hanyar da aka bi a baya ta sake haifar da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar, wadda Najeriya ta zama ta farko a duniya wajen amfani da ita a 2024. Wannan ya nuna ana iya ƙirƙira ba tare da an kulle talaka a waje ba, muddin aka biya kuɗin bincike daga aljihun jama'a, aka kuma sa sharaɗin farashi tun daga ranar farko.

Ƙofar da doka ta bari a buɗe

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar kasuwancin duniya kanta ta bar mana hanya. Sanarwar Doha ta ranar 14 ga Nuwamban 2001 ta tabbatar cewa kowace ƙasa na da ikon bayar da lasisin dole, wato ta ba wani kamfani izinin sarrafa ko shigo da maganin da ke ƙarƙashin mallaka ko mai shi bai so ba, a biya shi lada daidai gwargwado. Ƙasa ce kuma ke yanke wa kanta abin da ta ɗauka a matsayin halin gaggawa. Ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, ciki har da Nijar, an ɗauke musu wajibcin kare mallakar magani baki ɗaya har zuwa 1 ga Janairun 2033.

Matsalar Nijar ita ce ba ita kaɗai ke ba da takardar mallaka a ƙasarta ba. Tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda ke da mazauni a Yawunde, kuma takarda ɗaya da aka bayar a can tana aiki daga Dakar har Damagaram. Da aka yi wa yarjejeniyar Bangui, wadda ta kafa ƙungiyar, kwaskwarima a 1999, an ɗaura wa mambobinta dokar shekara 20 tun kafin WTO ta nema daga matalautan cikinsu, duk da gargaɗin da MSF ta yi a lokacin. Sai a gyaran da aka yi a Bamako a 2015, wanda ya fara aiki a Nuwamban 2020, aka shigar da sassaucin 2033. Shekarun da suka rage ba su da yawa, kuma kafa masana'antar magani ba aikin damina ɗaya ba ne.

Wasu sun ci gajiyar irin wannan dama. Bangaladash, wadda ta daɗe a rukuni ɗaya da Nijar, tana sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 na magungunan da take sha, har tana fitarwa waje. Masar ta ƙi ba da mallaka a kan sofosbuvir, kamfanoninta suka sarrafa shi da araha, ta yi wa miliyoyin mutane magani, har WHO ta karrama ta a 2023 a matsayin ƙasar da ta kama hanyar kawar da ciwon hanta nau'in C. A Indiya, wasu da suka warke daga tarin fuka ne suka ƙalubalanci yunƙurin kamfanin Johnson & Johnson na tsawaita mallakar maganin bedaquiline, hukuma ta ba su gaskiya a Maris na 2023, kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya ce ba zai ƙara tilasta mallakar a ƙasashe 134 ba.

Najeriya kuwa ba ta cikin masu sassaucin 2033, kuma har yau da dokar 1970 take aiki, dokar da ke yi wa takardar mallaka rajista ba tare da an tantance ko abin da aka kawo sabo ne da gaske ba. Labarin Niprisan ma abin tunawa ne. Masanan cibiyar NIPRD da ke Abuja ne suka haɗa wannan maganin sikila daga tsirran gargajiya, aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem lasisinsa shi kaɗai a 2002, kamfanin ya karye a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa na tsawon shekaru. Fasaharmu ce, amma hannu ɗaya muka danƙa wa mabuɗinta.

Laifin da ke wuyanmu

Ba za mu ɗora wa Turawa komai ba. Galibin magungunan da ake nema a asibitocin karkara, irin su amoxicillin da maganin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini, babu takardar mallaka a kansu. Idan sun yanke a Kara-Kara ko Tanut, sai a tambayi kasafin kuɗi, da masu rabo, da masu karkatar da kayan gwamnati zuwa kasuwa. Nahiyar Afirka na shigo da tsakanin kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na magungunanta, da kusan kashi 99 na alluran riga-kafi. Da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya a Agustan 2023, farashin magungunansa ya yi tashin gwauron zabo, duk da cewa mallakar da yawansu ta daɗe da ƙarewa.

Inda maganin ƙwarai ya yi tsada ko ya yanke, nan jabu ke samun gindin zama. WHO ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin magunguna goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Nijar ba za ta manta da 1995 ba, lokacin da aka yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta bogi a tsakiyar annoba.

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Maganin jenerik ba jabu ba ne. Jenerik shi ne maganin da wani kamfani ya sarrafa da sinadari iri ɗaya da na asali, hukuma ta gwada ta tabbatar da ingancinsa. Jabu kuwa yaudara ce. Cakuɗa su biyun ya taɓa jawo ɓarna: a ƙarshen 2008 jami'an kwastan a filin jirgin saman Amsterdam sun tsare maganin ƙanjamau na ƙwarai da ya taso daga Indiya zai je Najeriya, da zargin keta haƙƙin mallaka. Ɗan uwa da ke Jidda ko Landan, idan za ka turo kuɗin maganin Inna, kada ka ce lallai sai mai sunan Turai. Ka ce a saya a farmasi mai rajista, a bi abin da likita ya rubuta.

Abin da muke kira a yi

Muna kira ga gwamnatin Nijar ta fito fili ta bayyana a rubuce cewa tana amfani da sassaucin 2033, ta sanar da OAPI da masu shigo da kaya, domin hukumar ONPPC ta sayi jenerik mai inganci daga duk inda ya fi araha ba tare da fargaba ba. Hukumomin da ke maganar 'yancin kai dare da rana su sani cewa ƙasar da ba ta iya sarrafa maganin zazzaɓin yaranta ba, da sauran aiki a gabanta. A zuba jari a kamfanin SONIPHAR da ɗakin gwaji na LANSPEX, a kuma buɗe wa 'yan kasuwa masu zaman kansu hanya.

Majalisar Dokokin Najeriya ta sabunta dokar 1970, ta sa tantancewa ta gaskiya, ta hana tsawaita mallaka ta hanyar sauya wa tsohon magani riga, ta ba kowane ɗan ƙasa damar ƙalubalantar takardar mallaka kafin a bayar da ita.

Saɓanin siyasa tsakanin Yamai da Abuja, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, kada su shafi magani. Sanƙarau ba ya tsayawa a Maimujiya ya nuna fasfo. Kasuwar Nijar ita kaɗai ta yi wa babbar masana'anta kaɗan, amma idan aka haɗa ta da ta arewacin Najeriya da Cadi da Mali da Burkina Faso, lissafin zai fita. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, kuma Nijar na cikin na farko da suka amince da Hukumar Magunguna ta Afirka. A yi amfani da su.

Jami'o'inmu, daga ta André Salifou a Damagaram zuwa Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya, su horar da lauyoyi da masana haɗa magani da suka san waɗannan dokoki. Duk binciken da aka yi da kuɗin jama'a, kada a sake ba kamfani ɗaya lasisinsa ba tare da sharaɗin farashi da na ƙwace lasisin idan ya gaza ba.

Su kuma kamfanonin duniya, ba mu ce kada su ci riba ba. Muna cewa su sa sababbin magungunansu a asusun haɗakar mallaka da Unitaid ta kafa a 2010 tun ranar da suka fito, su daina barazana ga ƙasar da ta yi amfani da haƙƙin da Doha ta ba ta. Allurar lenacapavir mai kare mutum daga ƙanjamau na tsawon wata shida ana sayar da ita sama da dala 28,000 a shekara a Amurka, amma bayan an ba kamfanonin jenerik lasisi, an ƙulla yarjejeniyar samar da ita a kan dala 40 daga 2027. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ta isa ta nuna inda kuɗin yake tafiya.

Tsofaffin Kara-Kara da suka rasa yatsunsu, da yawansu sun rasa su ne a zamanin da magani ya riga ya wanzu a duniya, bai dai iso gare su a kan lokaci ba. Abin da muke bin jikokinsu bashi shi ne kada hakan ta maimaitu da ciwon suga, ko sikila, ko ciwon daji, ko annobar da ba mu san sunanta ba tukuna. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Doka ta ba mu wa'adi zuwa 2033, kuma wannan kafa za ta ci gaba da tambayar hukumomi abin da suka yi da shi.